Kwalbar da Zuwaira ta aiko

Shekara talatin ina bisa keken ɗinki
a rumfata ta Babbar Kasuwa.
Ƙafa ɗaya ce ke tafiya,
ita ma ba ta taɓa isa ko'ina ba.
Tumbi ya fara riga ni shiga masallaci,
zariyar wando ta gaza, na yi mata ƙari.

Ran da lokotoro ya ɗaure min dantse da roba
ya dubi awo, ya dube ni:
"Tansiyo ne, Malam Tsahiru. Ka taka ƙasa."

To, na taka.
Bayan asuba, daga Bagalam
in gangara har bakin gulbi,
yashi na haɗiye sawuna,
gwiwa na kuka kamar ƙyauren da ya manta mai.
'Yan kabu-kabu su rage wuta:
"Baba, ina zuwa? Hau mana!"
In ce ba inda za ni. Su wuce suna dariya.

Mako na biyu saƙo ya zo daga Yamai,
kwalba mai jan murfi, naɗe a tsohon ɗankwali.
"Bitamin ne, Baba, ƙwaya ɗaya kullum,
tunda ka zama ɗan tsere."
Na girgiza ta a kunne, kacau-kacau.
Rubutun jikinta ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta.
Jikka tara! Ɗinkin riga uku ke nan,
har da aikin wuya.

Rabe mai tiren magani ya leƙo rumfa:
"Ɗaya? Ai biyu ake sha.
Ga ja na jini, ga ɗorawa na ƙarfi."
Na dubi tiren nan da ke shan rana tun azumi,
na ce ya dawo wata Juma'a.

Habsu kuwa ko kai ba ta ɗaga daga turmi ba:
"Mutumin da ke tsame ganye daga miya
yana jerawa a gefen kwano,
yau shi zai haɗiyi ganye a kwalba?"
Na yi shiru. Mai kwano ta san kwanonta.

Sai na kai ta gun Madam Barira a asibiti.
Ba ta yabi kwalbar ba, ba ta kushe ba.
"Me kake ci? Kana jiri? Barci fa?
Kawo hannu mu tambayi jinin.
In akwai rami, mu cike shi.
In randa cike take, ƙarin ruwa sai ya jiƙa ɗaki.
Kuma mai shan maganin tansiyo
ba ya yi masa baƙo ba da sallama ba."

Kwana uku takarda ta fito.
Ba rami. Gishiri ne ya yi yawa, da zama.

Yanzu in na kai gulbi nakan tsaya garkar Nomau.
Ya haura saba'in, yana jan guga yana hira,
bai san sunan bitamin ko ɗaya ba.
Na so in ce, kun gani? Ga hujja!
Sai ya zaro ƙunshi daga aljihu,
jajayen ƙwayoyi na 'yarsa mai ciki,
shi da kansa ya karɓo mata daga likita.
Na mayar da hujjata baki.
Na sayi zogale na dala ashirin, da tumatir,
Habsu ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli,
ta tsaya a kaina har na suɗe.

Kwalbar tana nan bisa kanta,
tsakanin gwangwanin maɓallai da alli.
Ban buɗe ba, ban yar ba.
Na faɗa wa Zuwaira gaskiya a waya.
Ta yi jim, ta ce, "To, kana dai tafiyar?"
Na ce jiya har gada na kai.

Ban gaya mata ba tukuna,
ƙarin nan na zariya
daren Talata na warware shi.