Jijiyar Dutse

Gabas da Anka, inda Kawu Nomau ke fasa dutse,
ba da guduma ake fara aiki ba.
Da kunne ake farawa.
Yakan ƙwanƙwasa, ya karkata kai
kamar mai zaɓen tukunya ranar kasuwa.
In ya ji amo garau, ya wuce.
In muryar ta dushe, sai ya tsuguna,
ya bi jijiyar da ɗan yatsa har inda ta ɓace.

Ni da motar kamfani na zo,
da injin da ke huda ƙasa ya zaro dutse
mulmulalle kamar gaɓar rake.
Za a yi gada.
An aiko ni in tambayi dutsen nan
nauyin da zai yarda ya ɗauka.

A makaranta an ce mana irin wannan
da can ruwan wuta ne.
Ya taso daga ƙasa yana tafasa,
ya huce da gaggawa, ya tsuke, ya dare
kamar tuwon da ya kwana a buɗe.
Ashe da tsagarsa aka haife shi.
Na faɗa wa Kawu. Ya furzar da tukar goro.
"Shi ya sa ba ya jin wutata," in ji shi,
"sai na bi ta da ruwan sanyi."

A Gusau na sa gaɓa ta fari a bakin matsi.
Allura ta hau, ta hau.
Tsagogin suka rufe baki ɗaya bayan ɗaya,
yana shan danniya yana ƙara tauri.
Can sai 'yar ƙara, kamar riɗi a kasko,
sai tas.
Ta biyu tsagarta a karkace take.
Ko rabin nauyin ba a kai ba ta zame,
ba kuka, ba sallama.
Ta uku na jiƙa ta kwana bakwai,
jar lakar da ke cikin tsagar ta koma man shanu.
Ta huɗu na rungume ta da matsi ta kowane gefe.
Tsaga ce a jikinta kamar ta sauran,
amma har na tashi sallar la'asar
tana riƙe da kayanta.

Na koma da takarduna ina ɗoki.
Kawu bai duba ba, ba ya karatun boko.
Ya ja ni bakin wani tsohon rami
da geza ta rufe.
"Nan Tunau ya kwanta, ƙanena.
Damina ce, marka ta kwana uku.
Bangon nan tun kakanninmu a tsage yake,
bai taɓa jefo ko tsakuwa ba.
Mu muka zare na kusa da shi,
wani ɗan mitsitsi, bai kai turmi ba.
Ba mu san shi ke tokare da sauran ba."

Ya yi shiru. Na dubi tafin hannunsa,
faso ya ratsa shi gida-gida,
da shi yake ciyar da mutum goma sha ɗaya,
huɗu na Tunau ne.

Na rubuta wa kamfani lambobi:
zurfin harsashi, kwanciyar tsaga, hanyar da za a yi wa ruwa.
Takardar ba ta da gurbin sauran.

Da asuba na gan shi gindin bango
yana soka tsinken tsintsiya a wata tsaga,
ya danna har ya kama.
Gobe zai zo ya duba.
In tsinken na nan, a shiga.
In ya faɗi,
dutsen ya buɗe baki cikin dare,
kowa ya ɗauki gudumarsa ya tafi gona.