Gurbin Gwiwa

A ɗakin Inna Lai'atu, can bayan Ƙofar Ƙaura,
akwai tabarma mai rami biyu.
Ba ɓera ba ne, ba gara ba ce.
Gwiwoyinta ne, shekara talatin da bakwai.

Kafin ladan ya yi gyaran murya,
kafin ta kai waken ƙosai inji,
sai ta kunna aci-balbal, ta buɗe Littafin,
ta bi layi da yatsa mai ƙanshin albasa,
ta kira sunayenmu ɗaya-ɗaya gaban Yesu,
har da Iro tela da ya hana ta inuwar shagonsa.

Ran da ciniki ya yi kyau, ta durƙusa.
Ran da aka binne Ishaku, autanta,
bakinta ya kasa, gwiwa ba ta kasa ba.

Na ce, "Inna, kullum kina jin muryarsa?"
Ta yi dariya. "Ina! Wata rana kamar hira da bango.
Amma don tuwon jiya bai yi daɗi ba,
sai ka fasa cin na yau?"

Ni tawa ibadar ruwan bazara ce:
Lahadi in yi tsawa a majami'a,
Litinin ƙasa ta bushe ƙarau.

Yanzu tabarmar tana ɗakina.
Ƙarfe huɗu da rabi waya ta yi ƙara,
na kashe, na sake kashewa,
a ta uku na sauko.
Ramukan sun yi wa gwiwoyina kaɗan.
Na durƙusa haka nan.