Murfin Kwalba

Jiya kwalbar zuma ta ƙi ni.
Na murɗa, na sake murɗawa, murfi ya tsaya ƙyam,
sai da Ladingo, jikata 'yar shekara tara,
ta buɗe, ta miƙo min tana danne dariya.

Ni Tanko, da na shekara talatin da ɗaya
ina juya sitiyarin bas a tuddan Sheffield,
ina hawa Crookes da fasinja maƙil,
yau zuma ce ta kai ni ƙasa a kicin.

A asibitin unguwa Misis Pickering ta ba ni wani ƙarfe,
ta ce in matse iya ƙarfina.
Na matse har jijiyar wuya ta miƙe.
Ta dubi lamba, ta yi shiru, ta rubuta.
Sai tambaya kamar gaban alƙali:
Me ka ci da safe? Shayi da burodi.
Da rana fa? Shayi.
Yaushe rabonka da ƙwai, da kifi, da wake?
Yaushe rabon fatarka da rana?
Na ce, baiwar Allah, a garin nan ina ranar take?

Ban gaya mata ba
cewa tun rasuwar Uwani tukunya ta manta wuta,
kujerar gaban talabijin ta ɗauki siffar bayana,
barci ya zama baƙon da ba ya sallama sai asuba.
Mako biyun da ciwon huhu ya kwantar da ni
sun ci naman cinyata fiye da shekara goma.

Ashe tsoka 'yar'uwar zumunci ce, a ƙafa take.
In ba ka je mata ba, ba ta zuwa maka.

Yanzu sau goma nake tashi daga kujera ban dafa komai ba.
Ina ɗaga gwangwanin wake biyu,
in na gaji in buɗe ɗaya in ci.
Masallaci na ƙasan tudu, na daina jiran bas.
Gwiwa na kuka, ni ina mita,
haka muke hawowa gida, mu biyu, muna faɗa.

Ranar Juma'a goshina ya taɓa ƙasa,
na bar wa wani kujerar sahun baya.
Na miƙe da ƙyar, amma ba wanda ya kama ni.

Kwalbar na nan kan kanta, na sa an ɗaure ta tam.
Na ce wa Ladingo kar ta taɓa.
Da sauran magana tsakanina da ita.