Ƙeya

Shagon Gidado na bayan Tudun Hatsi,
tsakanin mai gyaran rediyo da ni mai ɗinki.
Warin kananzir da man fenti
shi ke riga shi gaishe ni da safe.

Bai cika son burushi ba.
Wuƙa gare shi, tsohuwar wuƙar yankan kuɓewa,
ya kwaso fenti kamar mai yaɓen ɗaki,
ya shafa, ya danna, ya kankare,
ya bar shi da kauri har yatsa ya yi maka ƙaiƙayi.
Na taɓa sau ɗaya. Mako guda da gamawa, bai bushe ba.
Har yau shatin yatsana na kan wani buhun wake.

Ja, in ji shi, wurin Malam Barde ya koya,
mai zanen bayan manyan motoci a Tashar Dukku,
wanda ke cewa launin da bai tsayar da mai tafiya ba
asarar gwangwani ne.
Layi kuwa wurin kakarsa a Kumo,
mai zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi:
in ka ja, ka ja ke nan, wuta ba ta san gyara ba.
Ruwan ƙasa babu wanda ya koya masa.
Gombe ce, bayan ruwan farko.

Amma duk matan da ke jikin bangonsa
sun ba mu baya.
Mai sheƙar masara, mai tsintar wake a gindin ma'auni,
mai jiran mota da tulin gyaɗa.
Ƙeya, ƙeya, ƙullin kallabi, gumi a wuya.
Wani attajiri ya zo da kuɗi a hannu,
ya ce a juyo masa da ɗaya ya ga ko kyakkyawa ce.
Gidado ya ce, ai ba ta ji kira ba tukuna.
Kuɗi suka koma aljihu.

Ran da aka ɗauke wuta, kekena ya yi shiru,
na tambaye shi.
Ya daɗe yana goge wuƙa da tsumma.
Ya ce: Ina shekara uku ta rasu. Babu hoto.
Fuskar ta tafi, na neme ta har na gaji.
Abin da ya rage mini shi ne rabon ɗan goyo:
wani tabo ƙasan kunnen hagu,
kitson da ya soma warwarewa,
da wuya mai sheƙi in rana ta take.

Na shiga na bi su ɗaya bayan ɗaya.
Kowace da tabonta, ƙasan kunnen hagu,
ɗan ɗigo, bai fi ƙwayar riɗi ba.

Yanzu in mace ta kawo ɗinki,
ta juya in auna kafaɗa,
sai in tarar hannuna ya tsaya.
Ta jikin bango ina jin wuƙarsa, ƙar, ƙar,
yana kankare abin da ya yi jiya.