Turame Huɗu

Shekara tara ina toya ƙuli-ƙuli a Bagalam
ban tauna ko guda ba.
Sai in jiƙa shi a koko,
in jira ya yi laushi kamar muryar mai neman bashi.
Mai saye ya ce, Iya Tsahara, ya na yau?
In ce da daɗi.
Hanci ne ya ba ni labari.

Da Ma'azu ya sai da albasarsa
ya ɗauke ni a babur zuwa wurin lokotoro.
Ta huda dasashi, ta kafa ƙusa huɗu cikin ƙashi,
ta ce a jira su kama ƙasa.
Wata huɗu, har gero ya yi kai,
sannan ta ɗora turame farare,
sun fi waɗanda Allah ya ba ni kyau.

Ran farko na ce a sayo tsire.
Tsinke guda bai ƙare ba
muƙamuƙi ya yi tsami,
gefen kunne na bugawa kamar ana daka a maƙwabta.
Na kwana da tsumma mai ɗumi a kumatu,
ina jin kunyar kuɗin albasa.

Na koma na ce mata, ba su yi ba.
Ta sa yatsu biyu nan, ƙasan kunne,
ta ce in cije.
Ta ce, Iya, turmi lafiya lau,
mai dakan ce ta daɗe a zaune.
Saniyar da ta shekara tara ba ta ja garma ba
ba a kai ta fadamar Gulbi rana ɗaya.
Kuma wannan haƙori kurma ne,
ba ya jin ya taɓa dutse balle ya ce a sassauta.
Ke za ki ji masa.

Na fara da dambu. Sai kopto.
Hagu goma, dama goma, in huta.
Jikata Lantana tana ƙirga mini, tana dariya.
Da sati shida na ci soyayyar fara har da ƙafafu.

Jiya bayan la'asar na ɗauki nawa,
na sa a turmin dama.
Ƙas!
Ƙarar ta hau har tsakiyar kai.
Na tsaya, na dubi faranti.
Ashe duk shekarun nan tsakuwa nake toyawa,
mutanen unguwa suna ta wahala da muƙamuƙansu,
ba wanda ya ce mini uffan.

Yau na rage wuta.