Ƙarfe Biyu a Doncaster

Ƙarfe biyu na rana, ƙarfe biyu a ƙasa,
miƙe har inda ido ya gaza.
Ni da Lorraine muna bin gefen dogo,
ita da bokitin farin fenti,
ni da ma'aunin zafi da nake mannawa a jikin ƙarfe
kamar likita na sauraren ƙirji.
Hamsin da ɗaya.
Na goge gumi, na sake mannawa. Hamsin da biyu.

Ƙarfe ma yana son miƙa idan rana ta dafa shi.
Wannan kuwa an ɗaure shi kai da ƙafa,
an yi masa walda gaɓa bayan gaɓa
a wata ranar sanyi-sanyi da masu aikin suka ɗauka ita ce duniya.
Wanda aka hana miƙewa gaba,
gefe zai nema.
Na taɓa gani sau ɗaya, kusa da gadar nan:
dogo ya karkace kamar macijin da aka taka wa wutsiya,
tsakuwa ta watse, babu ko iska.

Kakana Jatau ya tsufa a reluwe, a Nguru.
Yakan tura ɗan yatsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe,
ya ce a bar masa nan, wurin huce fushi ne.
Shi ya sa jirgin can ke tafiya yana ƙwanƙwasa ƙofa.
Na nan shiru yake yi,
shirun da ke hana ni barci a watan Yuli.

Lorraine ta ce, ai kai ka saba, daga can ka fito.
Na ce ni na saba, dogonku ne baƙo.
Ta yi dariya, wuyanta ja kamar gauta,
ta tsoma burushi.
Fari a kan tsatsa, fari a kan tsatsa,
kamar muna sa wa ƙarfe rigar Juma'a
don rana ta ji kunyarsa.

Na kira ofis a rediyo, na ce a rage gudu.
Jirgin Landan ya zo yana rarrafe,
wani mai kwat ya ɗaga hannu ta taga,
ya nuna mini agogonsa.
Na ɗaga masa ma'aunina.

Magariba a nan sai wajen tara da rabi.
Muna zaune kan tarin katako, takalma a kwance,
dogo na hucewa, yana ɗan ƙas, ƙas,
kamar tsoho na lanƙwasa yatsu.
Gobe an ce za ta fi yau.
Fentinmu saura rabin bokiti.