Saura Ki Koya Mata Oda

Shekara talatin da huɗu Kaka Arzika ya yi a bayan sitiyari,
Aliero zuwa Jega, Jega zuwa Kamba,
buhunan albasa a baya, goro a kunci.
Yanzu yanar ido ta sakar masa labule,
gwiwa ta ƙi lanƙwasa,
makullin motarsa ta ƙarshe na rataye a ƙusa
tare da carbi.

Ni jikarsa ce. A ɗakin gwaji
muna zana mota mai tuƙa kanta.
Na kawo takardar gida, na shimfiɗa a tabarma,
ya shafa ta da tafin hannu
kamar mai taya rago a kasuwa.

"Ina direba?"
Babu, Kaka.
"Yaron mota hwa?"
Shi ma babu.
Ya yi shiru har kaza ta gama ƙetare tsakar gida.
"To wa za ya ce ma tsoho sannu in ya hau?"

Na rubuta wannan a gefen takarda.
Ba ya cikin abin da aka koya mana.

Sauke matakalar, ya ce,
bayan saba'in ƙafa ba ta hawan dutse.
Cire gilashin nan da ake latsawa,
yatsana ya yi kanta, ba sa jin juna.
A bar ta ta ji magana, irin tamu ta gida:
in na ce tahi, ta tafi,
in na ce dakata, kada ta nemi dalili.

Ya karanta mini hanya da ka, ido a rufe:
ramin bayan gada, wanda ya girmi uwata,
inda awaki ke kwanciya kan kwalta da la'asar,
ranar kasuwa, da amalanke ba ya bin dokar kowa.
Na'urarmu na ganin rami, tana auna tazara,
amma ba ta san a sassauta a gefen maƙabarta ba
don na ciki ya ɗaga hannu
ya yi wa na kwance addu'a.

Ina za ta fara kai ka, Kaka?
Na zaci asibiti zai ce.
"Wajen Gado."

Gado yaron motarsa ne a da, yau shi ma da sanda.
Tafiyar rabin awa ce tsakaninsu,
damina biyu ba su haɗa hannu ba.
Waya na kawo murya,
ba ta kawo kafaɗar da za ka dafa.
Jikoki na da babura, kowa kuma na da uzuri,
"an jima" ta cinye shekara,
tsoho ya gaji da roƙo, ya ce ai ba ya son fita.

Motar ba ta bar takarda ba tukuna.
Ɗan samfuri gare mu, yana zagaya filin makaranta.
Ran nan ya tsaya cak gaban tunkiya,
minti goma, yana jiran ta ba shi hanya.
Kaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Ta yi ladabi. Saura ki koya mata oda."

Ban jira a gama ba.
Ranar Asabar na ari motar kawu.
Ya zauna a gaba, hula a karkace,
yana cewa "rami" kafin in ga ramin,
ni kuwa ina naɗe muryarsa a waya.

A Jega suka zauna gindin darbejiya, shi da Gado,
shayi ya huce a tsakaninsu,
ba su faɗi abu mai yawa ba.
Inuwa ta matsa, suka ja benci suka bi ta.

Na zauna a mota da takardata a cinya,
rana na gangarawa bayan rumfunan kasuwa.
Ƙarƙashin zanen birki na ƙara layi ɗaya:
ta iya jira,
kada ta taɓa ce masa lokaci ya yi.